GARANTIN MOTA: WA KE ƊAUKAR ASARA IDAN INJI YA BUGA?

Tun daga ranar 1 ga watan Fabrairu, 2025, sa'ad da rundunar 'yan sandan Nijeriya ta soma tilasta wa masu motoci su mallaki takardar inshora a ko'ina cikin ƙasar nan, masu abin hawa da dama a Zariya da kewayenta suka shiga neman wannan takarda, kowa yana gudun kada a tsayar da shi a Kwangila ko a kan hanyar Samaru a tarar ba shi da ita. Wannan abu ne mai kyau, kuma tun a 1945 aka kafa dokar da ta wajabta irin wannan inshora. To, amma akwai wani ruɗu da ya biyo baya. Mutane da yawa, har da masu ilmin zamani, sun ɗauka cewa tun da dai sun biya kuɗin inshora, duk abin da ya sami motarsu akwai wanda zai ɗauke musu nauyinsa. Sai ranar da inji ya buga, ko giya ta ƙi shiga, sannan mai mota yake gane cewa takardar da ya adana a cikin motarsa ba ta san da zamansa ba.

Duk wanda ya ratsa Cikaji ko Muciya, ko ya leƙa garejin kanikawa a Sabon Gari, ba zai rasa ganin sakamakon wannan al'amari ba. Ga motoci nan an ɗora bisa duwatsu, ƙura ta rufe su, tayoyi sun sace, wasu ma awaki sun mayar da ƙarƙashinsu wurin shan inuwa. Da yawa daga cikinsu ba hatsari suka yi ba, jikinsu lafiya lau. Abin da ya kwantar da su shi ne lalacewar wani babban abu guda ɗaya, ko inji, ko giyabos, ko na'urar da ke sarrafa wutar mota, wanda kuɗin gyaransa ya fi ƙarfin mai motar. A cikin masu su kuwa akwai malamin makaranta da akawu da ma'aikacin jinya, waɗanda ke zaune a wannan yanki suna zuwa aiki Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko asibitin koyarwa na Shika, ko masana'antun da ke Cikaji. Ga irin waɗannan mutane mota ita ce ƙafar zuwa aiki, da kai yara makaranta, da garzayawa da mara lafiya asibiti cikin dare. Wani ma har yanzu ana yankar albashinsa duk wata domin biyan bashin motar da ta yi watanni ba ta motsa ba.

Saboda haka ya kamata a duba tambayoyi biyu. Wa ya cancanta ya ɗauki asara idan mota ta yi babbar lalacewa bayan an saye ta? Shin kuma tsarin nan na sayen ƙarin garanti, wanda ya bunƙasa a Turai da Amurka, zai iya fid da ma'aikacin Zariya daga wannan ƙangi?

YADDA AKA FARO

Ba haka al'amarin yake ba a da. A cikin shekarun 1970, lokacin da arzikin man fetur ya samu, Gwamnatin Tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin ƙasashen waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci. Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko suka soma aiki a 1975, daga baya kuma aka sami na manyan motoci a Kano da Bauci da Inugu da Badun. A wannan lokaci ne kuma aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji. Ma'aikacin da ya kai matsayi yakan sami rancen mota daga gwamnati tare da alawus na kula da ita, ya tafi wurin babban dillali irin su SCOA ya fito da 504, wadda jama'a ke kira Fijo, sabuwa fil. Muhimmancin wannan rance ya kai ga cewa bayan an soke shi, maido da shi yana cikin buƙatun da ƙungiyar ƙwadago ta gabatar a yajin aikin gama-gari na watan Mayu, 1981, a ƙarƙashin jagorancin Hassan Sunmonu.

Tare da makullin sabuwar mota akan miƙa wa mai saye abu biyu, watau takardar garanti da littafin sabis. Ma'anar garanti ita ce alkawarin da mai ƙera kaya ya ɗauka cewa idan wani aibi na ƙira ya bayyana cikin wani ƙayyadajjen lokaci, shi zai gyara ba tare da karɓar ko kwabo ba. Abin da ya ba wannan alkawari daraja shi ne an san mai shi, kuma an san gidansa. Masana'antar tana Kakuri, tafiyar kamar kilomita 80 daga Zariya, ba ta da inda za ta gudu.

Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986 shi ya rushe wannan tsari. Darajar Naira ta faɗi, farashin sabuwar mota ya yi wa albashi nisa, sai motocin gwanjo daga Turai suka soma kwararowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, jama'a suka laƙaba musu suna Beljiyam ko tokumbo. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da haƙƙoƙin ma'aikata irin na mota da gida su zama kuɗi a cikin albashi. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar Peugeot ta Kaduna, a 2012 kuma hukumar karɓar basussukan bankuna, watau AMCON, ta karɓe ta saboda bashi. Daɗin daɗawa, bayan an saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni, 2023, Dala ɗaya wadda ba ta kai Naira 500 a farashin gwamnati ba ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Tun da yake kusan duk kayan gyara daga waje ake shigowa da su, farashinsu ya bi Dala, alhali kuwa mafi ƙanƙantar albashi da aka amince da shi a watan Yuli, 2024, Naira 70,000 ne.

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 zuwa ƙasashen waje, Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa, Nijeriya kuwa tana sahun gaba. Garantin sabuwar mota a yau galibi shekara 3 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ashe ke nan motar da ta shekara 10 ko 15 a hannun wani a Turai ta cinye garantinta tun kafin a loda ta a jirgin ruwa. Nauyin da kamfani ke ɗauka a 1975 ya sauka gaba ɗaya a kan mai saye, a daidai lokacin da aljihunsa ya fi kowane lokaci rauni.

ABIN DA INSHORA BA TA BIYA

Wajibi ne a bambanta inshora da garanti, domin a nan ne ruɗun ya samo asali. Inshorar da 'yan sanda ke tambaya an yi ta ne domin kare wanda mai mota ya yi wa ɓarna. Daga ranar 1 ga watan Janairu, 2023, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, watau NAICOM, ta ƙara kuɗinta ga ƙananan motoci na gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Idan ma'aikaci ya buge motar wani a PZ, kamfanin inshora zai gyara ta wancan, shi kuwa tasa tana wuyansa.

Akwai kuma cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a kowace shekara. Alal misali, motar Naira miliyan 6 za ta ci aƙalla Naira 300,000. Wannan tana biyan ɓarnar hatsari da gobara da sata. Amma duk wanda ya karanta sharuɗɗanta zai tarar an keɓe tsufa da cinyewar ƙarfe, da lalacewar inji ko ta wuta wadda ba hatsari ne ya jawo ta ba. Dalilin haka a fili yake. An gina inshora ne bisa tsautsayi, wanda ke samun mutum ɗaya ya bar ɗari, saboda haka kuɗin ɗari suke ɗauke asarar ɗaya. Tsufa kuwa ba ya barin kowace mota.

ƘARIN GARANTI A ƘASASHEN WAJE

Wannan giɓi ne ya haifar da sana'ar sayar da ƙarin garanti. Mai mota yakan biya wani kuɗi, a dunƙule ko wata-wata, ga kamfanin da ya ƙera motar ko ga wani kamfani dabam, bisa yarjejeniyar cewa idan wasu sassa da aka lissafa suka lalace bayan garantin asali ya ƙare, kamfanin zai biya kuɗin gyara. Sassan da aka fi lissafawa su ne inji da giyabos da abin da ke kai ƙarfinsu ga tayoyi. Abubuwan da ke cinyewa yau da gobe, kamar taya da batir da birki da kuloci, ba sa shiga. Har wa yau akwai sharuɗɗa: tilas mai mota ya nuna shaidar yana juyen baƙin mai a kan kari, tilas a yi gyaran a garejin da kamfani ya yarda da shi, shi ne zai biya kashin farko na kowane gyara, akwai iyakar da kamfani ba zai wuce ba, kuma duk ciwon da motar ke da shi tun kafin a ƙulla yarjejeniya babu ruwan kamfani da shi.

Abin lura a nan shi ne, a cikin kuɗin da ake biya akwai la'adar wanda ya sayar da takardar, da albashin ma'aikatan kamfani, da ribarsa. Saboda haka idan aka haɗa masu saye gaba ɗaya, abin da suka biya ya fi abin da aka gyara musu, in ba haka ba kamfanin ba zai kai baɗi ba. Mai hali, wanda zai iya sayen inji daga ajiyarsa ba tare da tukunyar gidansa ta ji ba, ba shi da buƙatar wannan takarda. Amfaninta yana ga mai ƙaramin ƙarfi, domin tana mayar masa da duka ɗaya mai kisa ya zama ɗan ƙaramin kuɗi sananne da zai iya tsarawa cikin albashinsa. Amma fa wannan amfani ya dogara ne kacokan bisa abu guda, watau a biya idan ranar biya ta zo.

Abin da ya faru a Amurka ya isa ishara. Kamfanin US Fidelis na jihar Missouri, wanda ya yi fice wajen tallar irin wannan takarda, ya durƙushe a 2010 bayan koke-koken jama'a sun yi yawa, aka kuma ɗaure 'yan'uwa biyu da suka mallake shi. A 2023 hukumar sadarwa ta ƙasar ta ci wani gungun 'yan damfara tarar kusan Dala miliyan 300, saboda sun buga wa jama'a waya fiye da sau biliyan 5 cikin wata uku kacal a 2021 suna tallar ƙarin garantin mota. Wannan kuwa ya auku ne a ƙasar da ke da dokar garanti ta tarayya tun 1975, wadda kuma tun 1985 ta wajabta wa dillalan motocin gwanjo su manna takarda a jikin kowace mota mai bayyana ko da garanti ake sayar da ita ko babu. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa naka ruwa.

CINIKIN BIRI A SAMA

Ko da an sami kamfani mai gaskiya da ke son yin wannan sana'a a Zariya, akwai matsaloli uku da za su tare masa hanya, kuma ɗaliban ilmin tattalin arziki za su gane ta farko da sauri. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazari a kan kasuwar motocin gwanjo, nazarin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Taƙaicen bayaninsa shi ne, mai sayarwa ya san ciwon motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba zai iya bambanta lafiyayya da mai ciwo ba, ba zai yarda ya biya farashin lafiyayya ba. Mai lafiyayyar mota kuwa ba zai sayar a farashin mai ciwo ba, sai ya janye tasa, kasuwa ta cika da masu ciwo. Haka nan abin yake ga garanti. Wanda ya soma jin wata ƙara a injinsa shi zai riga kowa zuwa yankar takarda, mai lafiyayyar mota kuwa ya yi zamansa. Kamfani ya ƙara kuɗi domin ya tsira, sauran masu lafiyayyun motoci su gudu, daga nan sai rushewa.

Rashin sanin tarihin mota ya daɗa tsananta wannan matsala a nan. Akan mayar da agogon da ke ƙidaya tafiyar mota baya. Motocin da suka yi mummunan hatsari, ko ambaliya ta shanye su, kamar yadda ya faru a jihar Texas lokacin guguwar Harvey a 2017, kamfanonin inshora na can sukan yi gwanjonsu, wasu kuma su ƙare a Afirka ta Yamma an yi musu fenti suna ƙyalli. Ruwan da ya shiga wayoyin mota ba ya nuna kansa ranar ciniki, sai bayan watanni.

Matsala ta biyu ita ce halin ɗan Adam. Wanda ya san wani ne zai biya gyara yakan yi sakaci da juyen mai da duba ruwan lagireto, bakanike kuma da ya ji kamfani ne mai biya sai lissafinsa ya kumbura. A inda babu littafin sabis, babu rasit, da wuya a tantance ko ƙarfe ne ya gaji ko mai mota ne ya yi ganganci.

Ta uku ita ce yanayin da mota ke aiki a ciki: zafi, da ƙura, da ramukan hanya, da jabun baƙin mai da jabun kayan gyara. A watan Fabrairu, 2022, hukumomi da kansu suka tabbatar cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, kuma masu motoci da dama suka koka cewa ya lalata musu inji. Babu kamfanin garanti da zai yarda ya biya irin wannan ɓarna. Bugu da ƙari, tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, mutane suka soma mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, kuma sanin kowa ne cewa sauya wa inji tsari ba da yardar mai garanti ba yana cikin abubuwan da kan ɓata garanti.

DOKA TANA NAN

Duk da haka, mai sayen mota bai zama maraya ba a gaban shari'a, illa dai bai san gatansa ba. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992, ta tanadi a sashe na 131 cewa mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya masu inganci, masu aiki, marasa aibi. Sashe na 132 kuma ya ce wannan garanti ne da ke cikin kowane ciniki ko da ba a ambata ba, kuma cikin wata 3 da karɓar kaya mai saye yana iya mayar da su ga ɗan kasuwar da ya sayar masa idan sun gaza, shi kuma ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. A Afirka ta Kudu dokar 2008 ta ba da wata 6. A Ingila dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da mota mai aibi ya karɓi kuɗinsa.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan birni kuma kotunan shari'a ke aiki da shi, wanda ya sayi kaya sannan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa, kuma an halatta a ƙulla ciniki bisa sharaɗin gwaji na ɗan lokaci, kamar kwana uku ga dabba. Hatta a kasuwannin kayan gyara, irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, mai sayar da injin Beljiyam yakan yi masa alama da fenti, ya ba mai saye 'yan kwanaki ya ɗaura ya gwada, in bai yi ba ya dawo da shi a sake masa. Wannan ma garanti ne, sai dai na baka ne, kuma gajere.

Abin da ke kashe haƙƙin mai saye shi ne yadda ake ƙulla cinikin. Sau da yawa dillali ne ke tsakani, ya karɓi la'adarsa daga ɓangarori biyu, daga nan ya zame. Takardar ciniki, in ma an rubuta, layi uku ce mai cewa an ga mota, an gwada, an yarda. Ba a rubuta abin da agogo ya nuna ba, ba a rubuta abin da mai sayarwa ya faɗa game da inji ba. Idan ta lalace bayan mako biyu, sai 'yan'uwa su taru su ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Haƙuri abu ne mai kyau, amma yawan yin sa a inda aka yi algus shi ke ƙara wa mai algus ƙarfin gwiwa.

INA MAFITA?

Daga abin da ya gabata za a ga cewa garanti yana tsayawa ne bisa duwatsun murhu uku: a san lafiyar motar kafin a ɗauki alkawari, a rubuta alkawarin, sannan a tabbata mai alkawarin yana da abin biya kuma ba zai ɓace ba. Duk wanda ya kawo tallar ƙarin garanti ba tare da waɗannan ba, takarda kurum yake sayarwa.

Game da na farko, Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, watau NITT, wadda aka kafa a 1986 a kan hanyar Basawa. Ga sashen injiniyan injuna na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Babu abin da zai hana ɗaya daga cikinsu ta buɗe wurin binciken mota domin jama'a, inda mai niyyar saye zai biya ɗan kuɗi kaɗan a auna ƙarfin inji, a sa kwamfuta ta karanta ciwon da ke ɓoye, a kuma bi lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, a gano ko ta taɓa yin hatsari ko nutsewa a ƙasar da ta fito. Wanda ba shi da rabo a cikin cinikin shi ne zai faɗi gaskiya, ɗalibai kuma su sami wurin koyon aiki.

Game da na biyu, ya kamata ƙungiyoyin dillalan motoci na Sabon Gari, tare da hukumar FCCPC da Gwamnatin Jihar Kaduna, su fitar da takardar ciniki iri ɗaya, da Hausa da Turanci, wadda za ta nuna lambar mota, da abin da agogo ya nuna, da aibin da aka sani, da kuma garantin wata 3 a kan inji da giyabos. Dillali mai gaskiya shi zai fi kowa cin riba, domin ta haka ne kaɗai zai iya nuna cewa kayansa sun bambanta da na maƙwabcinsa.

Game da na uku kuwa, hanyar da ta fi kusa tana hannun ma'aikata da kansu. Kusan kowace ma'aikata a Samaru da Sabon Gari tana da ƙungiyar gama kai wadda ke yankar kuɗi daga albashi tana ba da rance. Irin wannan ƙungiya tana iya buɗe asusun gyaran mota. A ƙaddara mutum 200 suka shiga, kowa yana zuba Naira 5,000 a wata, za a tara Naira miliyan 12 a shekara. Idan mota ɗaya cikin kowace 10 ta yi babbar lalacewa, watau mota 20, aka ba kowa Naira 500,000, an kashe miliyan 10 ke nan, saura miliyan 2 a ajiye. Amma idan aka buɗe ƙofa ga kowace mota ba bincike, har masu lalacewa suka kai 40, ana buƙatar miliyan 20, asusu ya mutu a shekarar farko. Saboda haka tilas a binciki mota kafin a karɓe ta, a sa wa sabon shiga wa'adin wata uku kafin ya nemi komai, a zaɓi kanikawa sanannu, kuma mai mota ya biya wani kashi daga aljihunsa. Fifikon da ƙungiya ta yi wa kamfani shi ne ta san mutanenta, kuma wanda zai cuci abokan aikinsa gobe ma zai haɗu da su a ofis. Wannan tsari ya yi kama da na takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, saboda haka ƙungiyar da asusunta ya girma tana iya miƙa shi ga kamfanin takaful mai lasisi.

Hukumomi su ma suna da nasu aikin. Sabuwar dokar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a 2025, ta ɗaga jarin kamfanonin inshorar dukiya zuwa Naira biliyan 15, domin a tabbata suna da abin biya. Ya kamata NAICOM ta fito fili ta bayyana cewa duk mai karɓar kuɗin jama'a da alkawarin biyan gyara nan gaba, ko da wane suna ya kira hajarsa, sai ya kasance akwai kamfani mai lasisi a bayansa. Haka nan hukumar ba da lamuni ta CREDICORP, wadda a watan Disamba, 2024, ta ƙaddamar da asusun Naira biliyan 20 domin sayen motocin da aka harhaɗa a gida, ya dace ta sa sharaɗin cewa tsawon garanti ya yi daidai da tsawon bashi. Tun da kamfanin Dangote Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna a 2022, ga dama ta samu a sake gwada abin da aka sani a 1975. Bai kamata a bar ma'aikaci yana biyan bashin shekara uku a kan motar da garantinta ya ƙare a shekara ɗaya ba.

Kafin duk wannan ya tabbata, mai niyyar sayen mota ko takardar ƙarin garanti yana iya kare kansa da tambayoyi kaɗan. Wa zai biya, kuma ina ofishinsa? Waɗanne sassa aka lissafa, waɗanne aka keɓe? Nawa ne iyakar biya, kuma a wane gareji? Duk amsar da ba a yarda a rubuta ba, a ɗauka ba a ba da ita ba. Wanda kuma bai sami garantin da ya gamsar da shi ba, gwamma ya buɗe asusu na musamman ya riƙa ajiye wani abu duk wata tun motar tana lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya ne kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma babu mai hankalin da zai nemi motar shekara 15 ta zama sabuwa. Amma wanda aka sayar wa rariya da sunan ƙwarya yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, doka ta faɗa, shari'a ta faɗa, al'adar kasuwa ma ta san da haka. Abin da ya rage shi ne hukumomi da ƙungiyoyin ma'aikata da dillalai su zauna su mayar da wannan haƙƙi ya zama takardar da akawun da ke Cikaji zai iya riƙewa a hannu, tun kafin tasa motar ta hau duwatsu.